Tambayoyi da Amsoshi: Wa Ke da Alhakin Shirin Tunkarar Annoba Mai Tsanani a Sakkwato?

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga irin abubuwan da mutane kan yi muhawara a kansu duk lokacin da aka ambaci annoba, wato abin da ya rataya a wuyan gwamnati, da inda sojoji ke da amfani da inda suke da haɗari, da kuma abin da ya rage wa magidanci ya yi da kansa tun kafin labari ya iso ƙofar gidansa.

Mece ce annoba mai tsanani, kuma me ya bambanta ta da ɓarkewar cututtukan da muka saba gani?

Mutanen Sakkwato ba baƙin ɓarkewar cuta ba ne. Sanƙarau kan zo da zafin bazara, amai da gudawa kan biyo ruwan damina, kuma a 2017 sanƙarau ya taso daga Zamfara ya shigo Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kashe fiye da mutum 1,000 a faɗin ƙasar. Duk da munin waɗannan, suna da iyaka, domin idan cuta ta kama ƙananan hukumomi uku ko huɗu, akan turo likitoci da magunguna daga Abuja ko daga ƙungiyoyin agaji na waje, saboda su can lafiyarsu ƙalau.

Annoba mai tsanani ita ce sabuwar cuta wadda jikin mutane bai saba da ita ba, take yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum, musamman ta numfashi, take kuma kashe kaso mai yawa na waɗanda ta kama. Babban abin da ya raba ta da sauran shi ne takan kama ko'ina kusan lokaci ɗaya. Ranar da Sakkwato ke neman iskar oksijin, Kano da Legas da Landan su ma ita suke nema, kuma wanda aka saba roƙo shi ma ta kansa yake yi. Wannan ne ya sa tambayar waye ke da alhaki take da nauyi, domin abin da ba a tanada a gida ba kafin ranar, da wuya a same shi a ranar.

Korona ta zo ta wuce ba ta yi mana ɓarnar da aka yi hasashe ba. Me zai sa mu damu?

Gaskiya ne cewa alƙaluman hukuma sun nuna mutum 3,000 da ɗoriya ne cutar ta kashe a Najeriya tun daga ranar 27 ga Fabrairun 2020 da aka tabbatar da mutum na farko a Legas, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne, kuma yawaitar mace-macen da aka gani a Kano a watan Afrilun shekarar ta nuna cewa lissafin bai kama kowa ba. Amma korona ta fi tsananta ne a kan tsofaffi, mu kuwa yawancin al'ummarmu yara ne da matasa. Ba dabararmu ce kaɗai ta tsirar da mu ba, kuma babu wanda ya yi mana alƙawarin cewa cuta ta gaba za ta zo da irin wannan hali.

Murar 1918 ta fi dacewa da a yi tunani a kanta. Ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatauci zuwa Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 20 ba. Majiya ƙarfi ta fi ɗauka, wato masu noma da masu ciyar da gida. A yau kuma akwai murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda karon farko da aka gano ta a nahiyar Afirka shi ne a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006. Har yanzu ba ta iya yaɗuwa sosai tsakanin mutane, amma kusan rabin waɗanda aka tabbatar ta kama a duniya sun mutu, shi ya sa masana ba su ɗauke ido daga kanta ba.

Tsakanin gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma, wace ce ke da alhakin?

Dukkansu, amma kowace da rabonta. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Gwamnatin tarayya ce ke riƙe da filayen jiragen sama da iyakokin ƙasa da asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ita ce kuma ke shigo da alluran riga-kafi da hulɗa da Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, wadda aka kafa a 2011 aka kuma sanya hannu a kan dokarta a 2018, ita ce ke sa ido kan cututtuka da haɗa kan ɗakunan gwaje-gwaje. Jiha ce ke da manyan asibitoci da ma'aikatansu, ita ce kuma ke yanke shawarar rufe makarantu da kasuwanni. Ƙananan hukumomi 23 na jihar, tare da hukumar kula da lafiya a matakin farko, su ne ke da asibitocin mazaɓu, kuma a kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in da aikinsa shi ne kai rahoton duk wata cuta da ba a saba gani ba.

Wannan jami'i, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba, a ganina ya fi kowa muhimmanci a makon farko. Idan ba shi da babur ko mai ko kuɗin waya da zai kai labarin cewa mutum biyar sun mutu da irin ciwo ɗaya a wani ƙauye na Gada ko Kebbe, to duk na'urorin da ke Abuja ba su da abin da za su gwada. Abin takaici kuma shi ne dokar da aka dogara da ita wajen kulle garuruwa a 2020, wato Dokar Killacewa, ta zamanin Turawa ce, tun 1926 aka yi ta.

Me ya kamata gwamnatin jiha ta tanada tun yanzu?

Abu na farko shi ne mutane, domin gado ba ya jinya. Likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu gwaji da masu shara su ne za su tsaya gaban cutar, kuma ba adalci ba ne a nemi mutum ya shiga ɗakin killacewa ba tare da safar hannu da takunkumi da rigar kariya ba, ba tare da an biya shi albashi da alawus a kan lokaci ba, ba tare da ya san wanda zai riƙe iyalinsa idan ya faɗi ba. Annobar Ebola ta 2014 ta nuna darajar ma'aikaci guda: Dakta Ameyo Adadevoh ce ta ƙi barin Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, ya fita daga asibiti a Legas, cutar ta kashe ta, amma annobar ta tsaya a kan mutum 20 da mutuwar 8 a duk ƙasar, aka kuma ayyana Najeriya ta rabu da ita a ranar 20 ga Oktoban shekarar. Wani abin da ya taimaka a lokacin shi ne an ɗauko tsari da ma'aikatan yaƙi da shan inna, waɗanda suka riga suka saba da bin gida-gida, aka sa su bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. Sakkwato tana da irin waɗannan ma'aikata da yawa, kuma ya kamata a riƙe su a matsayin rundunar da za a kira ranar buƙata.

Na biyu shi ne iskar oksijin da wutar da za ta samar da ita. Cutar numfashi ba ta buƙatar na'urori masu tsada ga mafi yawan marasa lafiya, oksijin take buƙata, kuma bai kamata a ce sai an ɗauko mutum daga Tambuwal ko Gwadabawa ko Isa an kawo shi cikin birni kafin ya samu ba. Wurin killacewa irin na Amanawa da aka yi amfani da shi a 2020 ya kamata ya ci gaba da zama da ruwa da wuta da ma'aikata ko da babu annoba, saboda ginin da aka rufe shekara biyar ba ya buɗuwa cikin kwana biyu.

Na uku shi ne kuɗin da za a iya taɓawa cikin sa'o'i. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Amma abin da aka rubuta a kasafi daban ne da abin da aka saki. Jami'in da ke son tura ma'aikata ƙauye yau ba zai iya jiran takarda ta yi mako uku tana yawo daga ofis zuwa ofis ba.

Shin dokar kulle za ta yi aiki a wuri irin Sakkwato?

Za ta yi aiki gwargwadon abincin da ke cikin gidajen mutane, ba ta wuce nan. Ɗan kabu-kabu da ɗan ga-ruwa da ɗan dako a kasuwa da matar da ke sayar da fura ko ƙosai, duk abin da suka samu yau shi za su ci yau, kuma wanda ya ce musu su zauna gida mako biyu ba tare da ya kawo musu hatsi ba ya ba su zaɓi ne tsakanin cutar da ba su gani ba da yunwar da suke ji. Kowa ya san wanda za su zaɓa.

A 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa, amma rabon kayan tallafi ya zo da ƙorafi mai yawa, kuma a watan Oktoba jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa suka tarar da kayan abinci jibge. Ko wane bayani aka bayar daga baya, abin da talaka ya gani da idonsa ya riga ya zauna masa a rai. Saboda haka duk gwamnatin da ke son jama'a su bi umarninta a annoba ta gaba, sai ta shirya jerin sunayen mabuƙata tun yanzu, unguwa-unguwa, tare da masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, a kuma riƙa sanar da abin da aka kai kowace mazaɓa ta gidan rediyon Rima domin kowa ya ji. Akwai kuma matakan da ba su kai kulle tsanani ba, kamar raba ranakun kasuwa, da mayar da ciniki fili, da rage taron biki da suna, waɗanda jama'a za su iya jurewa na tsawon watanni.

Maganar almajirai ma a nan ta shigo. Kwashe su da aka yi a motoci daga jiha zuwa jiha a 2020 ya kai cutar wuraren da ba ta je ba, domin an samu waɗanda suka kamu a cikin waɗanda aka mayar Kaduna da Jigawa. Yaro yana buƙatar abinci da kulawa a inda yake, kuma wannan shiri ne da ya kamata a yi da malaman tsangayu tun da wuri.

Rufe iyaka da Nijar zai hana cuta shigowa?

Zai iya jinkirta ta kaɗan, amma ba zai hana ba. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni akwai aure da zumunci da kasuwa, kuma idan aka rufe babbar ƙofa mutane kan bi hanyoyin daji inda babu mai auna zafin jikin kowa. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020 da aka buɗe Illela da wasu uku, amma zirga-zirga ba ta tsaya ba. Abin da ya fi amfani shi ne ma'aikatan lafiya a bakin iyaka, da musayar labari kai tsaye tsakanin jami'an lafiya na ɓangarorin biyu.

Doka ta ba sojoji damar shiga harkar annoba?

Ta ba su, amma da sharaɗi. Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulki ya ce daga cikin ayyukan sojoji akwai taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka da oda idan Shugaban Ƙasa ya kira su, bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya ta gindaya. Kalmar da ta fi muhimmanci a nan ita ce taimakawa. Gwamna ba shi da ikon ba soja umarni, kuma soja ba shi ne zai yanke shawarar wace unguwa za a killace ko wa za a kwantar ba. Wannan aikin jami'an lafiya ne da shugabannin da aka zaɓa.

To wane aiki ne sojoji suka fi kowa iyawa?

Ɗaukar kaya da gini da tsari. Suna da manyan motoci da jiragen sama da injiniyoyi da likitocinsu, suna da hanyar sadarwa da ba ta dogara da layukan waya na kasuwa ba, kuma sun saba aiki dare da rana a ƙarƙashin umarni ɗaya. A lokacin Ebola, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, sojojin Birtaniya sun gina cibiyoyin jinya a Saliyo, Amurka kuma ta tura dakaru kusan 3,000 Laberiya domin gini da horar da ma'aikata da jigilar kaya. Ba su ne suka warkar da cutar ba, amma sun ɗauke wa likitoci nauyin da ba nasu ba.

Sakkwato tana da hedikwatar Runduna ta 8 ta Sojojin Ƙasa a barikin Giginya, kuma wannan dama ce idan an yi shiri. Ana iya dogara da su wajen kai tukwanen oksijin da alluran riga-kafi, da kafa asibitin tanti, da gadin rumbunan abinci da ma'ajiyar magunguna, da raka ma'aikatan lafiya hanyoyin da ba su da aminci. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: idan kwamandan runduna da kwamishinan lafiya da shugaban hukumar agajin gaggawa ta jiha ba su taɓa zama tare sun yi atisaye a kan takarda ba, ranar annoba ba za su san wa zai kira wa ba. Ya kamata kuma a tuna cewa bariki wuri ne na cunkoso, kuma zirga-zirgar sojoji a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya tana cikin abubuwan da suka yaɗa murar 1918. Aikin farko na rundunar shi ne ta kare dakarunta da iyalansu, kada masu kai agaji su zama masu kai cuta.

Ina haɗarin sa su aikin tilasta doka?

Haɗarin ya riga ya faru, ba hasashe ba ne. A makonni biyun farko na kullen 2020, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar, adadin da ya zarce na waɗanda cutar kanta ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. A Laberiya kuma, a watan Agustan 2014, an zagaye unguwar West Point ta birnin Monrobiya da sojoji, rikici ya ɓarke, aka harbi wani yaro ya mutu, kuma cikin kimanin kwana goma aka janye killacewar ba tare da ta hana mutane fita ba.

Dalilin a fili yake. Yaƙi da annoba yana buƙatar mara lafiya ya fito ya ce ga ni, ya kuma faɗi sunayen waɗanda ya zauna da su. Mutumin da ya ga ana dukan maƙwabcinsa da bulala saboda ya fita neman abinci zai ɓoye zazzaɓinsa, ya ɓoye na matarsa, ya binne mamacinsa da dare. Shingen bincike da ake wucewa da na goro kuwa bai tare cuta ba, ya dai ƙara wa tafiya tsada. Ra'ayina shi ne a bar aikin jan kunne a unguwa ga masu unguwanni da dattawa da 'yan sanda, soja kuma ya tsaya wurin kaya da hanya da tsaro.

Yaya za a yi da yankunan da 'yan bindiga suka hana shiga?

Wannan ce tambayar da ta fi wuya ga Sakkwato. A gabashin jihar, wuraren su Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, da kuma Tangaza da Gudu ta arewa maso yamma, akwai ƙauyukan da ma'aikacin lafiya ba ya iya kwana, akwai kuma dubban 'yan gudun hijira da ke cunkushe a makarantu da kangaye da gidajen 'yan'uwa, inda cutar numfashi za ta bi kamar wutar daji. A 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda tsaro, wanda ke nuna cewa shirin da ya dogara kacokan da waya zai iya yankewa a inda aka fi buƙatarsa.

Akwai darasi daga Borno, inda aka horar da sojoji da 'yan sa-kai suka riƙa ɗiga wa yara maganin shan inna a wuraren da ma'aikata ba sa iya zuwa, kuma wannan yana cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka ta rabu da ainihin cutar a ranar 25 ga Agustan 2020. Amma hanya ce mai buƙatar taka-tsantsan, domin idan aka riƙa ganin ma'aikacin lafiya a matsayin ɗan leƙen asirin soja, rayuwarsa ta shiga haɗari. Abin da ya fi aminci shi ne a horar da 'yan asalin ƙauyukan, a ba su magunguna da kayan kariya su ajiye a hannunsu.

Shin tanadi da gudun cuta ba su saɓa wa tawakkali ba?

Ba su saɓa ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna cikinta kada ku fita domin guje mata. Lokacin da Halifa Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Malaman tarihi sun kuma ruwaito cewa a wannan annoba ta Amwas, Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani da jinya, don haka neman sababi gadonmu ne a wannan gari.

Ina matsayin sarakuna da malamai?

Su ne ke riƙe da abin da gwamnati ba ta iya saya, wato yardar jama'a. Rashin yarda da maganin Bature yana da tushe: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, inda yara 11 suka mutu, yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna, musamman bayan da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci sarakunan Arewa suka rungumi aikin, aka riƙa ganin hakimai suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. Sai dai bai kamata a riƙa tuna su ranar da ake son su karanta sanarwa kawai ba. A zauna da su da limaman Juma'a tun yanzu a tattauna yadda za a yi da jam'i da jana'iza da tafsirin azumi, domin hukuncin da aka yi da su ya fi saurin karɓuwa a kan wanda aka aiko musu. Kowa ya ga yadda aka taƙaita aikin Hajji ga mazauna Saudiyya kaɗai a 2020 da 2021, kuma hakan ya sauƙaƙa wa mutane da yawa fahimtar cewa addini ya yarda da irin wannan mataki.

Me ya rage wa magidanci ya yi, musamman wanda ba shi da hali?

Wanda Allah ya hore wa, ya ajiye abincin da zai ɗauki gidansa mako biyu zuwa huɗu, na abin da aka saba ci kuma ba ya lalacewa: gero da dawa da shinkafa da wake da mai da gishiri da busasshen kayan miya irin su kuka da kuɓewa da daddawa, tare da gawayi ko itace ko gas. Wannan ba sabon abu ba ne, rumbu ne irin na kakanninmu, kuma lokacin kaka da hatsi ke araha shi ne lokacin yinsa. Ruwa ya fi abinci gaggawa a garin da zafi ke wuce maki 40 a bazara, kuma ma'aunin da masu aikin agaji ke amfani da shi shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana domin sha da girki da tsafta, saboda haka a tanadi randuna ko jarkoki masu murfi. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya yi ƙoƙari kada maganinsa ya gaza na wata ɗaya a hannu. A ƙara da sabulu da takunkumi da maganin zazzaɓi da ma'aunin zafin jiki da ɗan kuɗi a hannu, da rediyo mai batir.

Wanda ba shi da halin sayen buhu, zai iya ware kwano ɗaya duk mako, ko a haɗa adashen hatsi tsakanin maƙwabta. Akwai kuma shirin da ba ya cin ko sisi, kamar kai yara a kammala musu alluran riga-kafi, wanda annobar mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 ta nuna illar sakaci da shi, da sanin tsofaffi da zawarawa da marayun da ke unguwa da wanda zai riƙa leƙa su, da kuma kame hannu daga tura duk saƙon murya da ya shigo WhatsApp kafin a tabbatar da shi. Mai hali kuma ya sani cewa tanadin gidansa bai cika ba idan mai gadinsa da mai yi masa wanki da almajirin gidansa ba su da abin ci, domin a gida ɗaya suke shaƙar iska. Ɗan kasuwar da ya ɓoye hatsi yana jiran farashi ya tashi a irin wannan lokaci, shi ma alhakin jama'a yana kansa.

Idan wani ya kamu a gida, me za a yi?

A ware masa ɗaki mai taga a buɗe, ko rumfa a tsakar gida idan ɗakuna sun yi kaɗan, a kuma zaɓi mutum ɗaya mai ƙarfi, wanda ba tsoho ba kuma ba mai juna biyu ba, ya riƙa jinyarsa da takunkumi a fuska yana wanke hannu da sabulu bayan kowace shiga. A raba masa kwano da kofi da buta. A ba shi ruwa sosai, idan kuma akwai gudawa a haɗa ruwan gishiri da sukari, wato lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan numfashi ya yi wuya, ko ya fara ruɗewa, ko ya kasa sha, to ba lokacin kemis ba ne, asibiti za a nufa, kuma ana iya kiran lambar NCDC ta kyauta, 6232, domin neman bayani.

Dubiya da zaman makoki suna cikin kyawawan al'adunmu, amma a lokacin annoba gaisuwa ta waya ko daga ƙofar gida ta wadatar. Idan rasuwa ta faru, a sanar da jami'an lafiya kafin a taɓa gawa, domin a wasu cututtuka irin Ebola wankan gawa yana cikin manyan hanyoyin kamuwa, kuma malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta bayar idan wanka zai cutar da masu rai.

Ta yaya ɗan ƙasa zai san ko gwamnati tana shiri da gaske?

Ta hanyar duba abin da ke kusa da shi. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gabanta da ke da hannu a kula da asibitin yankin, kuma duk mai sha'awa zai iya zuwa ya ga ko akwai ruwa da wuta da firjin allurai mai aiki, ko ma'aikaci yana kwana, ko akwai safar hannu da takunkumi a ma'ajiya. Zai iya tambayar kansilansa sunan jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da yadda ake samunsa, ya tambayi ɗan majalisar jiharsa nawa aka ware wa shirin gaggawa na lafiya a kasafin bana, nawa kuma aka saki zuwa yau, da kuma wane babban asibiti ne mafi kusa da ke da oksijin a wannan makon.